Wata Uku a Bayan Keken Sanatu

Gumbihini, Tamale.

'Yata Rahinatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kumasi lafiya, ke da kayanki. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya raba ki da direba mai gaggawa da abokin tafiya mai dogon hannu, ya sa kin shiga garin mutane da ƙafar dama.

Ni na cusa takardar nan a ƙasan jakarki, tsakanin sallaya da robar yaji, kuma na san fuskar da za ki yi in kin gan ta. Za ki ce Mma ta fara, ga waya a hannun kowa amma ita sai ta zauna rubutu kamar mai kai ƙara kotu. To, ki yi haƙuri. In na ce zan faɗa miki da baki, ba zan kai rabi ba za ki ce kin ji, idonki yana kan waya, ni kuma zuciya ta ɗebe ni in koma faɗa a kan abin da ba shi ya kawo ni ba. Shekara ashirin da tara ke nan ina buga wa mutane takardu a ofis, ban taɓa rubuta wadda ta fito daga cikina ba sai wannan.

Ba zan ba ki labarin gida ba, jiya kika baro shi. Ba kuma zan maimaita abin da babanki ya kwana uku yana karanta miki ba, na ɓarayin tasha da samarin ofis da riƙon salla. Ya faɗa ya sake faɗa, har kajin gidan nan sun haddace. Nawa daban ne.

Mako biyu da suka wuce kina zaune a bakin kicin kina waya da wata 'yar makarantarku, ni ina tsintar wake. Ba saurare nake ba, muryarki ce ba ta san sirri ba. Ban ji abin da ta tambaye ki ba, amma na ji amsarki. Kika ce, "Ni fa ba ƙawaye zan je yi ba. Wata uku ne kawai, so nake su ga aikina su riƙe ni." Wallahi da farko daɗi na ji, na ce a raina 'yata ba ta zo duniya wasa ba. Sai kuma hannuna ya tsaya a cikin waken, domin na gane maganar. Tawa ce. Ita na gaya wa kakarki a Salaga ranar da zan taho garin nan, kusan kalma da kalma. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma don yabo ake faɗa, amma ni tsoro ya ba ni, saboda na san inda wannan gudun yake kai mutum.

Ina da shekara ashirin da biyu na zo Tamale, a dogon hutun damina irin wannan, don koyon aiki na wata uku, abin nan da ku kuke kira atacimen. An tura ni wani ofishin gwamnati in koyi aikin tafireta. Na sauka a Moshi Zongo wurin wani ɗan'uwan kakanki. Mu uku aka kawo. Akwai ni, akwai Sanatu, Badagomba 'yar Zogbeli, doguwa mai wushirya, wadda ake jin dariyarta tun daga ƙofar shiga. Sai Akosuwa, Kirista 'yar kudu, babanta malamin makaranta ne da aka yi wa canji zuwa nan. Ita Hausar kasuwa take ji, a bakinta kowa namiji ne, har kaza mai ƙwai. A makon farko masinjan ofis ya raɗa mana cewa tsohon da yake buga takardu zai bar aiki, kuma ɗaya daga cikinmu za a riƙe. Su biyun suka yi dariya suka ce mai rabo ka samu. Ni ban yi dariya ba, na shanye maganar na ajiye.

Ranar farko a ƙasa na je, na isa da jan taɓo har ƙwauri. Sanatu ta dubi ƙafata, ta tambayi inda na sauka. Washegari ina ɗaura ɗankwali na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Ita ce, da wani baƙin keke na yayanta, ta naɗe tsohon zane ta ɗaure a kariya, mazaunin baya, don kada ƙarfe ya ci mini jiki. Ban roƙe ta ba, kuma Moshi Zongo ba a kan hanyarta take ba. Haka ta yi ta ɗaukata kullum, zuwa da dawowa.

Kin san mutanen garin nan da gaisuwa. Sanatu ba ta wuce tsohuwa a kan keke. Sai ta tsaya, mu sauka, ta durƙusa ta ce dasiba, tsohuwa ta ce naa, a tambayi kwana, a tambayi sanyi, a tambayi ƙafar da ke ciwo. Ni ina tsaye ina duban agogo. In mun hau kuma bakinta ba ya hutawa. Ta nuna mini mai ƙosan da ke faɗa da mijinta tela kowace safiya, ta nuna mini rumfar masaƙa, ta ce in shaƙi ƙamshin kaɗanyar da ake dafawa a wancan gida. Ni kuwa ina bayanta ina bitar alamomin gajeren rubutu a kaina, sai dai in ce mata uhm. Wata rana na ƙosa na ce mata gaisuwar nan tata za ta sa a kore mu. Ta yi dariya ta ce gaskiyata ce. Daga ranar ta riƙa zuwa da wuri. Ba ta rage gaisuwa ba, ba ta kuma ajiye ni ba, barcinta ta rage.

Yau in kika ce in ba ki labarin waccan hanyar, abin da na rubuta ɗin nan shi ke nan, na ƙare. Kusan wata uku ana zuba mini gari a kunne, ban tara ko cikin tafi ba. Saboda haka, Rahi, duk wanda Allah ya haɗa ku hanya da safe, ki cire abin nan da kike toshe kunne da shi ki saurare shi. Ki san sunan mai kokon bakin layinku da na mai gadin ofis, ki san ɗa nawa gare su. In motar haya, tirotiro, ta tsaya a cunkoso, ki leƙa taga ki ga me ake yi a garin. Za ki ce waɗannan ba komai ba ne. Haka na ce ni ma, ga shi yanzu ina neman su a kaina ban same su ba.

Da tsakar rana in an tashi hutu, mutanen ofis sukan taru a ƙarƙashin wata darbejiya a bayan gini, direbobi da mai shara da tsohon mai tafireta da Sanatu da Akosuwa. Dariyarsu takan shigo mini ta taga. Sanatu takan zo ta ƙwanƙwasa gilashi ta yafito ni, in ce ina zuwa. Ban taɓa zuwa ba. Na lura a daidai lokacin Manaja yake fitowa, kuma ina so ya wuce ya ji tafireta ɗaya tana ƙara a ofis ɗin da babu kowa. Ya kuwa ji. Ba yabon kai ba, hannuna ya fi nasu sauri nesa ba kusa ba, ko da na je na zauna da su ba wanda zai kamo ni. Amma ban tsaya nan ba, sai na riƙa lissafin kurakuransu a zuci. In Sanatu ta juya takardar kabon ta ɓata aiki aka sa ta sake, nakan ji sanyi a raina. Ki karanta wannan da kyau, don ban taɓa gaya wa kowa ba. Yarinyar da ta tuƙo ni da ƙafafunta da safe, ita nake murna in an yi mata faɗa da rana.

A inda za ki ma za a ce gurbi ɗaya ne, kullum haka ake cewa. Ki yi aikinki tsakani da Allah, ban ce ki yi lalaci ba, ban haifi raguwa ba. Amma ranar da kika ji daɗi don ta kusa da ke ta yi kuskure, ki tashi ki je ki taya ta gyarawa, ko da ranki ba ya so. In kuma an ƙwanƙwasa miki taga, ki fita. Takarda ba ta gudu, ni shaida ce, har yau suna nan jibge a tebur suna jirana.

Yanzu bari in gaya miki wace ce Mma Adisa, don ki san nauyin abin da ke tafe. Mahaifiyar Sanatu ce, man kaɗe take yi tana sayarwa. Ranar Asabar 'yan mata kan taru a tsakar gidanta a yi kitso. An gayyace ni kowane mako, sau biyu kawai na je. Hausarta ba ta da yawa, amma ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta tana kitsa ni, ta ce wa Sanatu da yarensu na Dagbani gashin nan taurin kai gare shi kamar mai shi. A wata na biyu zazzaɓi ya kwantar da ni. Matan gidan da na sauka duk 'yan kasuwa ne, da safe kowa ta kama gabanta. Tsohuwar nan ta tako a ƙasa daga Zogbeli har Moshi Zongo, kwana uku a jere. Ta dafa ganyen darbejiya ta yi mini wanka da hannunta, ta dama koko ta ba ni a baki, ta wanke zanen da na yi amai a kai. Da na fara gode mata sai ta ɗaga hannu ta hana ni, ta harhaɗa 'yar Hausarta ta ce, "Uwa naka ya yi nisa. Ni ne nan." Na yi kuka ranar, kuma kukan gaskiya ne. Sai dai da na warke, Asabar ta zagayo, na ce ina da bita.

A wata na uku Manaja ya fara sakin jiki da ni. Ya ce wa direban ofis ya riƙa biyowa ta Moshi Zongo yana ɗaukata, tunda hanyarsa ce. Ban gaya wa Sanatu ba. Ban manta ba ne, kunya na ji, kuma can a ƙasan kunyar akwai jin kai. Ta zo ta buga ƙararrawa aka ce mata na tafi a mota. Da ta iso ofis, gumi yana zuba, abin da ta ce kawai shi ne madalla, gara haka, ga ruwa ana yi. Daga baya matan gida suka gaya mini ba ta daina biyowa ba. Kullum sai ta zo ta tambaya, wai ko motar ta ƙi tashi.

Wata safiya an kwana ana ruwa, muka tarar da ita a hanya tana tura keken cikin taɓo, ta jiƙe sharkaf. Direban, wani dattijo ne mai kirki, ya rage gudu ya ce ba ƙawarki ba ce waccan, mu ɗora keken a baya mana. Motar mai buɗaɗɗen baya ce, wuri kamar me. Na ce masa mun makara, Manaja yana jira. Manaja ba ya jiran kowa, ko isowa bai yi ba. Ni dai ba na so ne a ga mun sauko mu biyu daga motar. Sanatu ta hango mu ta ɗaga hannu tana murmushi, ni kuma na sunkuyar da kai cikin fayil. Daga ranar gaisuwar dattijon nan ta koma ta fatar baki.

Rahi, in aka ɗaga ki a wurin aiki, ko da da taku ɗaya ne, ki je da bakinki ki gaya wa waɗanda kuke tare kafin su ji a waje. Kuma in akwai wuri a baya, ki ce a tsaya. Motar nan ta ofis ce, an daɗe da sayar da ita ga 'yan gwangwan, ba ta san ta taɓa ɗaukata ba.

A makonmu na ƙarshe, ranar Litinin, Mma Adisa ta rasu. Ta tashi lafiya, ta faɗi a bakin murhu. Aka zo aka kira Sanatu daga ofis, ta fita ko takalmi ɗaya ba ta sa daidai ba. Da azahar mutanen ofis suka cika mota za su jana'iza. Manaja ya ce akwai rahoton da baƙi daga Accra za su zo dubawa, dole mutum ɗaya ya tsaya ya ƙarasa. Bai ambaci sunana ba, ki lura. Ni na ce zan tsaya. Na gaya wa kaina ai mata ba sa zuwa maƙabarta, zan je addu'ar uku.

Ke 'yar garin nan ce, kin san yadda ake yi. Ƙawar wadda aka yi wa rasuwa ba gaisuwa take zuwa ta tafi ba. Ɗaura zane take ta shiga cikin gida, ta ɗebo ruwa, ta tuƙa tuwo, ta wanke kwanuka, ta zauna kusa da ita ko ba za ta ce komai ba. Ba wanda yake rubuta sunan wanda ya zo, kuma ba wanda yake mantawa. Ranar uku ta faɗo daidai da zuwan baƙin, na ce sai bakwai. Kafin bakwai aka ba ni takardar ɗaukar aiki, na ruga Salaga in nuna wa iyayena, na ce sai arba'in. Da na dawo na kama aiki, Akosuwa ta zo ofis karɓar takardar shaidarta. Ta tsaya a gaban teburina ta yi mini murna, sannan ta ce, "Memuna, Sanatu bai ce komi ba. Amma kowa ya shigo ƙofa, shi ya ɗaga kai ya duba ko kai ne."

Ranar arba'in na yi wanka, na sayi goro, na tafi. Na kai har bakin layinsu. Na hango rumfa, na ji hayaniyar mata, sai ga Akosuwa, Kirista 'yar kudu, ta yafa mayafi ta ɗauko baho cike da ruwa a ka za ta shiga gidan. Ƙafata ta ƙi gaba. Na ce yanzu in na shiga duk ido zai dawo kaina, a ce ga wadda tsohuwa ta yi wa wanka, sai yau ta ga dama. Na ce bari in bari mutane su ragu. Na juya da gorona, na raba wa mutanen gidanmu.

Mutane sun ragu, ni ban koma ba. Kowane wata da ya wuce, zuwan sai ya ƙara nauyi. Abin da zai ci mini awa ɗaya a ranar farko ya zama abin da ba ni da fuskar yi. Ki ji wannan, don shi ne wanda ya fi ci mini rai. In wani abu ya sami wadda kuke tare, mutuwa ko ciwo ko haihuwa, ki ajiye abin da ke hannunki ki tafi a ranar. In kin makara, ki tafi a makare, ki bari a harare ki, harara ba ta kisa. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafa tana daɗa nauyi ne in aka bar ta.

Na sami aikin da nake so. Na auri babanki, na haife ku, muka gina nan Gumbihini. Gari ɗaya muke da Sanatu duk shekarun nan, tsakaninmu bai kai tafiyar da kike yi zuwa kasuwa ba. Na zama gwanar zagaye Zogbeli. Kin taɓa tambayata kina ƙarama me ya sa nake ce wa mai yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya bi ta wata hanya, na ce miki hanyar ce ba kyau. Ƙarya na yi miki. Sau biyu na hango ta a kasuwa, na shige rumfar masu atamfa ina taya abin da ba zan saya ba. Da kakarki ta rasu, ofis ya turo mutum huɗu. Suka zauna a kujera, suka miƙo mini takardar ta'aziyya, na duba na ga tsarin da ni na zana musu ne tun shekaru, suna kawai aka canja. Ba su kai rabin awa ba suka tashi. Ba su yi laifi ba, abin da na shuka a wurin ke nan.

To, da na ji maganarki a waya, sai na kasa sukuni. Na ce ba zan rubuta wa 'yata abin da ni na kasa yi ba. Ranar Asabar da ta wuce, da na ce muku za ni unguwa, Zogbeli na je.

Gidan yana nan, an dai yi masa rufin kwano. Na yi sallama na shiga. Sanatu tana tsakar gida tana cuɗa man kaɗe, ta gaji sana'ar uwarta, ta yi jiki, furfura ta fito mata. A gefenta wata mata ta miƙe ƙafa a tabarma tana yankan kuɓewa kamar a gidan ubanta. Akosuwa ce. Ashe koyarwa ta koma, kuma tun daga wancan lokaci ba Asabar da ba ta zuwa. Su duka suka gane ni nan take. Sanatu ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta fito da kujera mai hannu ta goge ta da gefen zane, ta rusuna ta ce, "Maraba, Madam." Haka ta kira ni.

Na zauna a kujerar, su suna ƙasa. Muka gaisa, ta tambayi maigida da yara da aiki, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da gaisuwa ta ƙare na ce mata na zo gaisuwar Mma Adisa ne. Wuƙar Akosuwa ta tsaya. Sanatu ta ce Allah ya ba da lada, ai ta daɗe. Na ce ta yafe mini. Na fara lissafa mata, motar da ruwan da bakin layin da na juya. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Babu komai, Madam. Aiki ne ya riƙe ki, mun sani."

Rahi, da ta zage ni, da na ji daɗi. Na tafi ne da shirin a wanke ni tas, in yi kuka, ita ma ta yi, mu share hawaye. Amma babu fushi a fuskarta ko kaɗan. Ana fushi da wanda ake jira ne, ita kuwa ta daɗe da daina jira.

Akosuwa ta so ta sassauta zaman, ta ɗauko labarin da. Ta ce ko na tuna ranar da akuya ta cinye wa tsohon mai tafireta hularsa a ƙarƙashin darbejiya? Suka fashe da dariya, ni na yi yaƙe. Ta ce to ranar da ruwa ya tsare su a rumfar masaƙa, wani tsoho ya ce zai auri su biyun a haɗe? Ta juyo ta ce ai kai ma kana nan, ko? Na ce ba na nan. Ta kawo na uku, shi ma ba ni a ciki. Wata ukun nan ɗaya ne, ofis ɗaya, damina ɗaya, su sun fito da abin da suke ci har yau, ni ban san ma an yi ba. Da suka lura sai suka bar zancen don kada su ba ni kunya, muka koma maganar tsadar kaya.

Na yi niyyar tashi, Sanatu ta ce ai ba a haka, sai na ci abinci. Ta sa aka yanka zabo. Da ya nuna, ta buɗe ɗakinta mai kyau, ta shimfiɗa darduma, ta fito da kwanukan da ake ajiyewa a kabad, ta jera tuwo da miya da naman zabon kusan duka, da ruwan wanke hannu da sabon tawul. Ta ce bismilla, Madam, ki saki jiki. Ta fita ta saki labule. Kin san wannan, haka muke yi wa babban baƙo, a bar shi shi kaɗai ya ci a natse. Ba ta rage mini komai ba cikin girmamawa.

Na zauna a ɗakin nan ina jin su a waje. Da farko suna magana ƙasa-ƙasa saboda baƙuwa. Can suka manta da ni, Akosuwa ta ce wani abu, Sanatu ta saki dariyar nan tata da ake ji daga nesa, na ji suna faɗa a kan wa ya ɗauke wa wa ƙashi. Labule ne kawai tsakaninmu, kuma ba ni da ikon ɗaga shi. Na ci abincin, don barinsa cin fuska ne, ina ci hawaye yana sauka a ciki. Da na gama ta raka ni har bakin titi, ta tsayar mini da yalo-yalo, ta ce in gaida mutan gida, sun gode da ziyara.

Shi ke nan abin da nake da shi, 'yata. Wataƙila su riƙe ki a can, wataƙila ba za su riƙe ki ba, wannan na Allah ne, kuma ko wanne ya zo ina alfahari da ke. Amma wata ukun nan ba za a sake ba ki su ba. Kada ki bar su a tebur.

Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Ki gaida mutanen gidan da kika sauka, ki gaishe su da kyau, a durƙushe. Allah ya kare ki a fita da shiga, ya tsare lafiyarki da mutuncinki, ya sa albarka a hannunki, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya haɗa ki da waɗanda za su yi fushi da ke in kin ɓata, su gaya miki a fuska. Kada Allah ya nuna miki ranar da za a karrama ki irin karramawar da aka yi mini a Zogbeli. Amin.

Mahaifiyarki,
Memuna.